Girin golf a Maraɗi: ciyawa ta yi ja, ƙafa na nutsewa

Ɗan Mokoyo: Assalamu alaikum ƴan'uwa masu aikin lambu. Shawara nake nema. Akwai ɗan girin golf, wato dandalin da ake gangara ƙwallo zuwa rami, a bayan wani masaukin baƙi nan cikin gari. Girmansa murabba'in mita 200, ramuka uku. Kiri-kiri aka dasa a kan ƙasar gona da aka gauraya da takin shanu, yau shekara biyu. Ana ba shi ruwan foraji safe da yamma, ana yanka sau ɗaya a mako da injin nan mai fanka a ƙasa. Ga mu a farkon Maris, hunturu ya ja baya, amma ciyawar ta yi ja wuri-wuri, in an taka ƙafa na nutsewa, ƙwallo kuma tsalle take yi ba gangara ba. Mai wurin ya ce a zuba buhun takin zamani 15-15-15 guda. A zuba?

Malam na Tarna: Wa alaikumus salam. Ƙanena, don Allah kada a zuba. Buhu kilo 50 ne, sinadarin azot da ke cikinsa kilo 7 da rabi. In ka raba wa mita 200, kowace mita ta samu gram 37 da rabi, alhali girin gram 2 yake so a zubi ɗaya. Ƙona shi za ku yi. Ko da ɗan kaɗan ne ma, ƙwayar 15-15-15 ta cika girma, ba ta shiga tsakanin gajeren ganye, inda ta kwanta ta narke nan take barin tabo.

Kafin maganar taki, ɗauki wuƙa ka yanko yanki mai kusurwa uku, zurfin santimita 10, ɗaya a inda ya yi ja, ɗaya a inda yake kore. Duba tsakanin koren ganye da ƙasa, za ka ga shimfiɗar matattun kara da saiwa. Auna kaurinta. Duba kuma inda fararen saiwoyi suka tsaya, sannan ka shinshina.

Ɗan Mokoyo: Na yanko, Malam. Shimfiɗar ta kai santimita 2 da rabi, kamar soso take, in na matsa ruwa na fita. Saiwa ba ta wuce santimita 3 ba. A ƙarƙashi akwai wani baƙin layi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Yankin da ya yi ja kuwa ƙasarsa a bushe take ƙayau, duk da an ba shi ruwa da safe.

Malam na Tarna: To, ba yunwa ke damunsa ba, rashin iska ne. Shimfiɗar nan bai kamata ta wuce santimita 1 ba, iyaka milimita 12. Kiri-kiri na yaɗo ta sama da ta ƙasa, tana tara matattun kara fiye da yadda ƙasa ke iya ruɓar da su, musamman in ga takin shanu ga ruwa sau biyu a rana. Ƙurar hunturu kuma tun Disamba take sauka, gari ne mai laushi, ruwan tiyo na tura shi cikin shimfiɗar ya toshe ƙofofin iska. Baƙin layin mai wari shaidar ƙasa ce da ta daɗe a jiƙe babu iska. Saiwa ba ta ratsa shi, shi ya sa ta tsaya a sama. In zafin Afrilu ya zo, ma'auni ya haura 40, saiwar santimita 3 ba za ta kai la'asar ba.

Wurin da ya bushe kuwa wata cuta ce daban: maiƙon ruɓaɓɓen ganye ya lulluɓe ƙwayoyin rairayi har sun daina shan ruwa. Ɗiga ruwa a kan busasshen yankin da ka yanko. In ɗigon ya tsaya ya dunƙule fiye da daƙiƙa biyar bai shige ba, ita ce.

Makanike Sabon Gari: Malam ya yi maganar ƙasa, ni bari in yi ta ƙarfe. Injin mai fanka ba ya yin girin, ko wa ya riƙe shi. Dukan ganye yake yi ya yage shi, kuma ba ya sauka ƙasa da santimita 2 ba tare da ya ƙwaƙule ƙasa ba. Na girin shi ne mai ganga: ganga mai karkatattun wuƙaƙe 9 zuwa 11 tana juyawa a kan wata miƙaƙƙiyar wuƙa da ke kwance a ƙasa, ganye na shiga tsakaninsu ya yanke. Yana da rola gaba da baya, da kwandon tara yankakken ganye.

Kullum kafin a fita da shi, a kashe injin, a sa tsinken takarda tsakanin ganga da wuƙar ƙasa, a juya ganga da hannu a hankali. A gwada hagu, tsakiya, dama. In ta yanke takarda tsaf a wuri ukun, ya yi. In ta lanƙwasa ta, a ɗan matsa kusoshin saiti na gefe biyu daidai wa daida. Kada a matse har ƙarfe na kuka, zafi zai ci wuƙar. In an saita ta ƙi yanka, sai a wasa: a juya ganga da baya ana shafa man gogen ƙarfe da buroshi mai dogon hannu, minti biyar zuwa goma, sannan a wanke tas, don ragowar man zai ci gaba da cin ƙarfe. Tsayin yanka kuma ba da ido ake ƙiyasta shi ba. Miƙaƙƙen ƙarfe ake ɗorawa a kan rolar gaba da ta baya, a auna tazara zuwa bakin wuƙar ƙasa, a gefe biyu. Rabin milimita in ya bambanta, za ka ga layi-layi a girin.

Ɗan Mokoyo: Yaya, in an samo mai ganga, a milimita nawa za a saita? Na ji ana cewa 3.

Makanike Sabon Gari: Milimita 3 zuwa 4 na wasu irin ne, ba na kiri-kirinmu ta bakin gulbi ba.

Malam na Tarna: Gaskiyarsa. Irin da ake shukawa a girin ƙasashe masu zafi dangin kiri-kiri ne da aka yi wa aure a tashar bincike ta Tifton, jihar Jojiya a Amurka. Tifgreen ya fito a 1956, Tifdwarf a 1965, daga baya TifEagle. Gaɓoɓinsu gajeru ne, ganye siriri, kuma ba su da ƙwayar shuka, da yankan kara ake dasa su. Tamu ta gida gaɓarta doguwa ce, in ka sauke ta ƙasa da milimita 10 kara kawai za ka bari. Ku nufi 10 zuwa 12. Kuma ba rana ɗaya ba: kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ganye a yanka guda. Daga milimita 25 ku sauka 20, bayan mako ɗaya ku sauka 17, haka har a kai. Da zarar an kai, yanka ya zama aƙalla sau huɗu a mako, da safe, kowace rana ta wata fuska: yau gabas da yamma, gobe kudu da arewa, jibi a karkace. In ana bin fuska ɗaya ganye na kwantawa gefe guda ya riƙa jan ƙwallo. Zagayen baki kuma a riƙa tsallake shi wata rana, don nan injin ke juyawa yana murje ciyawa.

Baba Ɗan Gulbi: Ku dakata, ƴaƴana. Kuna ta gyaran abin da tun farko ban ga dalilin dasa shi ba. Ku yi lissafin ruwa. A bazara ciyawa irin wannan na shan kamar milimita 7 a rana, wato lita 7 a kowace mita. Mita 200, lita 1,400, tano bakwai kullum. Afrilu da Mayu kaɗai ya haura lita 84,000. Garin da ruwan samansa kamar milimita 500 ne a shekara, shi ma daga Yuni zuwa Satumba, gulbinsa kuma rabin shekara rairayi ne. Filin golf na IBB a Abuja yana da koriyar ciyawa don ruwan can ya ninka namu fiye da sau biyu. A ƙasashen Sahel da sahara girin rairayi aka saba yi: a daddaɓe ƙasa, a shimfiɗa tankaɗaɗɗen rairayi da aka cuɗa da mai, kauri santimita 2 zuwa 3, a ja katako a share hanya tsakanin ƙwallo da rami kafin a buga. Ba injin, ba taki, ba tsutsa. Ruwan nan da za a zuba wa ciyawar da ko akuya ba za ta ci ba, fangali nawa na salati da tumatir zai raya a Jiratawa?

Hajiya Bagalam: Baba, lissafinka na ruwa daidai ne, ban ja ba. Amma wane mai? Wanda aka fi zubawa baƙin man mota ne da aka juye daga injin. Ƙasar Maraɗi rairayi ce, abin da ka zuba a sama damina za ta kai shi ƙasa, kuma foraji na cikin gidan. Wannan ba zan goyi baya ba ko kaɗan. In girin rairayi za a yi, a yi da man tsirrai, a kuma san za a riƙa ƙarawa don rana na cinye shi, kuma yana kiran tururuwa.

Sannan tano bakwai ɗin nan na kwanakin tsananin zafi ne. Na tabbata yanzu, da suke ba shi safe da yamma ba awo, sun fi haka zubawa. Gyaran da ake faɗa rage ruwa zai yi.

Baba Ɗan Gulbi: Na karɓi maganar baƙin mai, Hajiya. Amma ina nan a kan bakana: mita 200 ita ce iyaka. Duk wanda ya ce zai yi ramuka 18 da ciyawa a nan, girin kaɗai kusan mita 9,000 ne, lita 63,000 a rana. A gaya masa gaskiya tun bai fara ba.

Hajiya Bagalam: Wannan kam mun haɗu. Ɗan Mokoyo, ga yadda za ka san abin da kake zubawa. Samo gwangwanayen tumatir guda goma masu miƙaƙƙen baki, ka warwatsa a girin, ka kunna abin fesa ruwa minti 15, ka auna zurfin ruwan kowane gwangwani da rula. In matsakaici ya ba ka milimita 3, ka san minti 35 ne milimita 7. In wani gwangwani ya samu 5 wani 1, matsalar rabo ce, matsar da abin fesawa za ka yi, ba ƙara lokaci ba.

Ban ruwa da asuba, sau ɗaya. Na yamma a bar shi, ganye na kwana a jiƙe, naman gwari na samun wuri. Yanzu da saiwa take gajeriya dole kullum ne, milimita 5 a Maris. In ta fara zurfi sai a koma kwana biyu-biyu da ruwa mai yawa, ita za ta bi danshi ƙasa. Alamar ƙishi: ganye ya yi shuɗi-shuɗi, sawun ƙafa ya ƙi tashi. Wurin kaɗai za a bi da tiyo. Busassun wuraren da Malam ya faɗa, a huda su da cokalin lambu mai yatsu, a zuba maganin da ke sa ƙasa shan ruwa in an samu, a jiƙa a hankali sau uku da hutu tsakani. Kada a sa garin sabulun wanki, gishirinsa na ƙona ciyawa. In kuma ka ga farin ɓawo a bakin girin bayan ruwa ya bushe, a kai ruwan forajin a gwada gishirinsa.

Malam na Tarna: Yanzu babban aikin, huda da rairayi. Ana huda da ƙarfe mai rami a ciki wanda ke fito da ƙasa, faɗin milimita 12, zurfin santimita 8, tazarar santimita 5. Ramuka 400 ke nan a kowace mita. Maƙeri zai iya haɗa na ƙafa da guntayen bututu huɗu ko biyar a jere, a fiƙe bakinsu, a yi musu tsaga a gefe don ƙasa ta fita. A jiƙa girin kwana ɗaya kafin aiki. A kwashe dunƙulen da suka fito a fitar da su gaba ɗaya, kada a murje su a mayar, abin da ake son rabuwa da shi ke nan. Sai a cika ramukan da busasshen yashi, a share da tsintsiya har su cika fal. Kowace mita za ta ci kamar lita 3 da rabi, girin duka lita 700 da ɗoriya, baro 12. Huda ɗaya na taɓa kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na fuskar girin, abin da ake nema a shekara kuwa 15 zuwa 20, don haka wannan girin aƙalla sau uku yake so a bana.

Yashin shi ne wurin da ake yawan ɓata aiki. Ƙa'idar da hukumar golf ta Amurka ta fara fitarwa a 1960 tana son akasarin ƙwayoyi tsakanin rubu'in milimita da milimita 1, laka da garin ƙasa kaɗan ƙwarai. Rairayin tudu da iska ta tara ya cika laushi, zai ƙara toshewa. Na gulbi ya fi, a tankaɗe da wayar sauro ta taga don cire tsakuwa. A gwada shi a kwalba: yashi kashi ɗaya, ruwa kashi biyu, a girgiza sosai a ajiye. Yashi na kwantawa cikin minti ɗaya, abin da ya kwanta a kansa daga baya laka ce. In ta fi kashi ɗaya cikin goma, a wanke ko a canza wurin ɗiba. Kuma in an samu mai kyau a tsaya a kansa, don canza yashi kowane zubi na yin hawa-hawa a ƙasa, ruwa ya riƙa tsayawa a tsakani.

Bayan wannan, duk mako biyu a barbaɗa rabin lita a kowace mita, lita 100 ga girin duka, a share ya shige. Wannan barbaɗen shi ke cike ƙananan kwari, ya tsinka shimfiɗar, ƙwallo ta daina tsalle. Ni a ganina a fara huda a makon nan.

Makanike Sabon Gari: A nan na saɓa da kai, Malam. Ramuka 400 a mita, a buɗe, iskar Maris busasshiya, saiwa santimita 3? Gefen kowane rami zai ƙone. A jira ƙarshen Yuni, iska ta yi danshi, ta rufe cikin kwana goma.

Malam na Tarna: In an jira Yuni, da wace saiwa zai ratsa Afrilu da Mayu? Kiri-kiri zafi take so, yanzu take farkawa. Lokacin da ba a taɓa ta shi ne Disamba da Janairu, da sanyin dare ke tsayar da girmanta.

Hajiya Bagalam: Ku raba aikin. Yanzu a soka da siririn ƙarfe marar rami, milimita 6, zurfin santimita 8 zuwa 10, ya ratsa baƙin layin iska ta shiga, a maimaita bayan mako uku. Ba ya buɗe fuska sosai. A bi da manjagara mai kaifi sama-sama a tsefe matattun kara, a barbaɗa yashi. Babbar huda ta farko a ƙarshen Yuni, ta biyu a ƙarshen Yuli, ta uku a Satumba, don ta warke kafin sanyi. Tsakiyar Agusta a bar shi, ƙasa a jiƙe take, taka ta ma daddaɓewa ne.

Makanike Sabon Gari: Wannan na yarda. Ƙari ɗaya: washegarin zuba yashi kada a sa injin, ko a ɗaga shi milimita 2, yashi na dakushe wuƙa nan take. Esansi kuma a zuba a wajen girin, ɗigo ɗaya tabo ne na makonni.

Ɗan Mokoyo: Allah shi saka da alheri. To taki fa, a bar shi ɗungum? Ga kuma aya-aya da tuji sun fara fitowa a gefen da ke kusa da bishiyar bedi.

Malam na Tarna: Ba a bari ba, a rage. Ure na da azot kashi 46 cikin ɗari. Auna gram 440, raba biyu, narka kowane rabi a famfon goyo mai lita 16 wanda bai taɓa ɗaukar maganin kashe ciyawa ba. Fesa ɗaya a tsaye, ɗaya a gicciye, da sassafe, ka bi da ruwa kaɗan. Gram 1 na azot ke nan a mita, duk mako biyu. In an yi babbar huda a ninka sau ɗaya. A hunturu a tsaya. Takin shanu kuwa kada ya sake hawa girin, shi ke kawo irin tuji da harkiya, shi ke kiran gara.

Tuji na son daddaɓaɓɓiyar ƙasa, a cire shi da wuƙa tun yana ƙarami, a cika gurbin da yashi. Aya-aya alamar ruwa ya yi yawa ce. In ka tsinke ganye ka bar ƙwayar a ƙasa, da yawa za su fito, sai an tono har ƙwayar. Maganin da ke kashe ta ya bar kiri-kiri shi ne halosulfuron, bisa awon da ke jikin kwalin. Gilifoset, maganin kashe ciyawa, kada ya kusanci wurin, har kiri-kirin zai tafi da ita.

Baba Ɗan Gulbi: Tunda za ku riƙe shi, ku kula da bedin nan. Kiri-kiri na son rana awa takwas, musamman ta safe. A sassabe rassan gabas. A haƙa rami mai zurfin santimita 60 tsakanin bishiya da girin, a datse saiwoyin da suka shigo, in ba haka ba bishiya kuke shayarwa. Da damina kuma ku sa ido kan tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Afirka ta Yamma a 2016, tana cin kiri-kiri. In tsuntsaye sun yawaita sauka da safe, zuba cokali biyu na sabulun ruwa na wanke kwanoni a lita 8, ka kwarara a mita ɗaya. Cikin minti biyar duk abin da ke ciki zai fito, sai a san ko akwai dalilin feshi.

Hajiya Bagalam: Ramin kansa ba wanda ya taɓo. Faɗinsa milimita 108, zurfi aƙalla santimita 10, bakin kofin da ke ciki ya nutse aƙalla santimita 2 da rabi ƙasa da fuskar ciyawa. A riƙa matsar da shi duk kwana biyu ko uku in ana wasa sosai, don kewayensa ne ke shan taku. Dunƙulen da aka ciro daga sabon rami shi ake toshe tsoho da shi, ya zauna daidai da fuska: in ya ɗago injin zai aske shi, in ya nutse ƙwallo za ta karkace. A danna da ƙafa, a ba shi ruwa.

Ɗan Mokoyo: Tambaya ta ƙarshe. Ta yaya zan nuna wa mai wurin cewa gyaran na ci, tunda shi kore yake son gani?

Makanike Sabon Gari: Da awo biyu. Na farko gudun ƙwallo. Akwai sandar awo da Edward Stimpson ya ƙirƙiro a 1935, tsawonta santimita 91, mai kwari a tsakiya, ƙwallo na sakin kanta in an ɗaga ta kusan digiri 20. In babu ita, guntun ƙarfe mai kusurwa ya isa, muddin kullum daga tsayi ɗaya ake saki. Ƙwallo uku ta nan, uku ta komawa, a wuri mai shafe, a ɗauki matsakaici a rubuta duk Juma'a. Kada ka gwada da alƙaluman gasar da ake nunawa a talabijin, da na makon jiya za ka gwada. Na biyu yankan wuƙar nan da ka yi yau, a maimaita farkon kowane wata, a ɗora rula a ɗauki hoto. In saiwa ta tashi daga santimita 3 ta kai 6 ko 7 kafin ruwan farko, warin kuma ya ragu, a ci gaba da tsarin yadda yake. In ba ta motsa ba zuwa tsakiyar Afrilu, a haƙa rami mai zurfin santimita 40 a gefen girin, a cika da ruwa, a ga awa nawa yake yi kafin ya shanye, don wataƙila akwai laka a ƙarƙashi da sai an yi mata magudana.